Gwiwar Guduma

Bana ruwa ya ƙi zuwa. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu can bisa duwatsun Abzin, ya yi baƙi ƙirin kamar da gaske, mu kwashe shanya, mu jera tukwane ƙarƙashin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da gumi da ƙaiƙayin ƙuraje. Ina zaune yanzu a gidan ɗana a unguwar Dagmanet, nan Agadas. Akwai pampo a tsakar gida, ko da yake rabin yini tari kawai yake yi, akwai shinkafa a ɗaki, ba wanda ke kwana da yunwa. Amma duk shekarar da hadari ya yi wa mutane irin wannan wasa, barci ba ya yi mini daɗi, kuma nakan tashi in leƙa tukunya ba dalili.

Shekaranjiya kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, zafi ya koro kowa waje. Ina kishingiɗe gindin bango sai na ji jikana Habu a zaure yana ba abokansa labarin kakansa, wato mijina. Habu yana koyon boks, damben Nasara, irin wanda ake sa safar hannu mai kauri a shiga cikin igiya. Ya ba su labarin ranar da gwiwar kakansa ta taɓa ƙasa, bai rage komai ba, har taken ya rera musu. Na ji wani ya ce, “Kai, an yi maza ƙasar ga!” Yaron bai yi ƙarya ba. Yadda aka ba shi a zaure haka ya bayar. Sai dai labarin yana da wani ɓangare da ya faru a madafa, kuma ni kaɗai na rage a duniya da na san shi.

Ni 'yar makaɗi ce. Mahaifina kalangu yake kaɗa wa mahauta da 'yan dambe, tun daga Gobir ya biyo su har Agadas, saboda haka na san dambe kafin in san daka. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa da tsumma da zare har ya yi tauri, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe yake, da shi ake tare bugu, da shi ake auna nisan abokin karo, shi ne garkuwa. Babbar doka kuwa ɗaya ce: duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi. Haka ake cewa, kisa. Ko ƙwarzane bai samu ba ya mutu, sai ya karkaɗe jiki ya bar fili. Wanda ya yi kisan kuma ya juya wajen makaɗa, ya ɗaga mashinsa, a kaɗa masa takensa.

Na ga 'yan dambe iri-iri. Akwai mai gaggawa, wanda ke faɗa wa mutum da ruwan bugu, ko ya kashe ko a kashe shi tun masu kallo ba su gyara zama ba. Akwai mai shuri, hannunsa yaudara ce, ƙafarsa ke aiki. Akwai bahago, wanda kowa ke gudu, don bugunsa na fitowa ta inda ba a sa ido ba. Akwai kuma mai baki, wanda duk ƙarfinsa a kirari yake ƙarewa, irinsu sun fi kowa yawa. Mijina ba ya cikin waɗannan. Guduma ake ce masa, kuma da wannan zan kira shi, don sunansa na yanka ba ya fita bakina ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Shi mai jira ne. Yakan buɗe ƙafafu, ya rage tsawo, ya miƙa garkuwa, ya ja mashi can baya wajen ƙugu, ya tsaya. Za ka buge shi ka ƙara, yana kallon ƙirjinka, ba fuskarka ba. Da ka saki jiki sai ka ji mutane na ihu kana kwance. Bugu ɗaya yake yi a turmi, wato zagaye guda na karo, wani lokaci ma turmin ya ƙare bai yi ba. A gida ma haka yake, magana sai ta zama dole.

Shekarar da abin ya faru, 'yan shekaru ke nan da Nasara suka miƙa mulki. Daminar da ta wuce ba ta yi kirki ba, a kudu ma rumbuna ba su cika ba, mu kuwa hatsinmu duk daga kudu yake zuwa bisa raƙuma da kamiyo, manyan motocin kaya. Tun bazara ba ta yi tsakiya ba tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Muna zaune a tsohon gari, gidan surukina Baba Nomao, tsohon mahauci kuma tsohon ɗan dambe. Akwai shi, da mijina, da ƙannen mijina mata biyu, sai ni da 'yata. Uwar gidan ta rasu, tukunya a hannuna take.

Mutum zai ce gidan mahauta ba a yunwa. Wanda ya ce haka bai ga shekarar nan ba. Buzaye suna ta koro dabbobi kasuwa don ba ciyawa, ana sayarwa araha, amma in an feɗe akuya sai ka ga fata da ƙashi da jijiya, ba ɗigon kitse, naman shuɗi-shuɗi. Kuma ba mai saye. Wanda bai sami hatsi ba ina ya ga ta nama? Abin da ya yi kwantai kafin azahar ya fara wari, sai a yanyanka a shanya bisa igiya, ƙudaje su rufe shi. Mukan ci, yana cika baki amma ba ya riƙe ciki, yaro kuwa zawo yake sa shi.

Ga yadda yini yake. Da assalatu in ɗauki tulu in nufi rijiya, don in rana ta fito jerin tuluna ya wuce lissafi. Ruwan ya yi ƙasa, guga na dawowa rabi, rabin ma da laka. In bar shi ya kwanta, in tace da tsumma. Da hantsi in auna hatsi in surfa, in ajiye dusar, don a shekarar nan dusa ba ta awaki ba ce. 'Yan matan su tafi bakin ƙoramar Telwa, wadda ta bushe ƙayau, su tsinto goriba, mu kankare bayanta mu daka mu haɗa da dusa mu dama. Da azahar ba mai motsi. Bango zafi, tabarma zafi, ruwan randa ma ɗumi gare shi. Albasar Tabelot da muke yi wa kallon banza ta zama abin marmari, an ce rijiyoyin lambunan can ma sun ja baya. Da magariba a ci tuwo sau ɗaya, ruwa-ruwa, a shimfiɗa a tsakar gida ana kallon walƙiya can nesa bisa duwatsu.

'Yata ta wuce shekara da 'yan watanni, ta fara tafiya tana dafa bango. 'Yar fari ce. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa gaban mutane, in ta yi kuka gaban surukina sai in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba, har sai wani ya ce in ɗauke ta. “Yarinyar nan” nake cewa. Nonona ya ja baya tun farkon zafi. Abin da ke riƙe da ita kunu ne mai laushi na gari tsantsa, da ɗan cuku in an samu, safe da yamma.

Ana cikin haka Sarjan Mamudu ya zo mahauta. Tsohon sojan Faransa ne, ya yi musu yaƙe-yaƙensu ya dawo da lambobi a ƙirji da karyayyen hanci da safar boks a jaka, ya tara samari bayan wata mangaza, ɗakin ajiyar kaya, yana koya musu. Ya ce ranar bikin 'yancin kai za a yi boks a gari, kuma wani mai kamiyo ya sa buhun hatsi cikakke ga wanda ya ci babban karo. Yaron motarsa ne zai tsaya, wani Laminu daga Damagaram, ana neman wanda zai tare shi. Mahauta duk suka dubi Guduma.

Ranar da Sarjan ya zo zaurenmu ya bayyana doka ina jin su ta bayan asabari.

“Hannu biyu aka bugu da su,” in ji Sarjan. “Babu shuri. Kuma ku ji wagga da kyau. In mutum ya hwaɗi, bai mutu ba. Ni za ni ƙidaya mishi, un, deux, trois, har goma. In ya tashi kahin goma sai in ce boxez, a ci gaba.”

Baba Nomao ya yi dariya har da tari. “To, Sarjan, ashe Nasara da gawa suke dambe? Mutum shi hwaɗi, shi tashi, shi karkaɗe wando, shi ce a sake? Wanga ai wasan 'yan mata na.”

“Baba, dokarsu ke nan. Guduma, ka ji ni?”

“Na ji,” in ji mijina.

Ya ji kuwa, har ya maimaita. Amma mutumin da tun yana yaro ake koya wa jikinsa abu ɗaya, ba a zaure za a sauya masa shi da yamma guda ba. Da Sarjan ya tafi Baba Nomao ya kira ni, na durƙusa bakin ƙofa.

“Ɗiyata, daga yau tukunya biyu za ki yi. Gari tsantsa da cuku da dabino na mijinki na. Mu sauran mu ci abin da ya samu. Ba a fafe gora ran tahiya. In buhun ga ya shigo gidan ga, kowa ya huta har kaka.”

Na ce, “To, Baba.” Na so in ce, yarinyar fa? Sai na miƙe na koma madafa. Matar da ta buɗe baki ta roƙar wa 'yar farinta abinci gaban surukinta, har ta mutu ana ba da labarin rashin kunyarta. Kuma gaskiya lissafin tsohon ba na mahaukaci ba ne, buhu guda a shekarar nan rai ne. Washegari ya ba da rigarsa ta salla, aka ba shi cuku da busasshen dabino irin wanda ayari ke kawowa daga wajen Segedin.

Kusan wata guda muka yi a haka. Da safe in dama fura mai kauri da cuku da dabino, ƙamshinta ya cika gida, in kai wa Guduma a ƙwarya, ya shanye a tsaye ya tafi gudu bakin Telwa yadda Sarjan ya ce. 'Yan matan su bi ƙwaryar da ido. Yarinyar kuwa ba ta san kunya ba tukuna, sai ta rarrafo ta kama ƙafarsa tana miƙa hannu. Ta daina tafiya a lokacin, ta koma rarrafe. Shi ma 'yar farinsa ce, ga ubansa zaune yana kallo, sai ya ɗaga ƙwaryar sama ya juya baya.

Na fara rage ludayi guda ina ɓoyewa a ƙoƙo bayan randa, in ba ta in gida ya yi shiru. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wata safiya Baba Nomao ya karɓi ƙwaryar daga hannuna, ya jinjina ta, ya dube ni. Sai ya shiga madafa, wurin da bai taɓa sa ƙafa ba, ya dawo da ƙoƙon. Ya juye shi cikin ƙwaryar, ya sa yatsa ya kalace gefen ya mayar ciki.

“Sha,” ya ce wa ɗansa.

Yarinyar tana zaune a ƙasa tsakaninsu. Ta ga ƙoƙonta, ta gane shi, ta fara kuka, irin kukan nan da ba hawaye. Guduma ya tsaya da ƙwarya a hannu.

“Na ce ka sha. Kai za ka shiga igiya ko ita?”

Ya sha. Na tsani tsohon nan a ranar, tsanar da har yau ba ta fita raina ba. Ina faɗa ne kuma duk da na san dusa ya ci tare da mu, ya rame har wando na zame masa, bai taɓa ɗanɗana furar nan ba ko sau ɗaya.

Kunun dusa da goriba ya ɓata wa yarinyar ciki. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Na kai ta gidan likita, aka ba ni wani garin magani, aka ce in ba ta abinci mai kyau, na ce to. Guduma kuwa ya murje, fatarsa har sheƙi take. Na taɓa leƙawa bayan mangazar na ga ana koya masa. Safar ta dame shi. Hagunsa ya saba a buɗe, yanzu an cusa shi a jaka, ba ya jin nisan mutum. Sarjan na ta ihu, “Hagu, Guduma! Hagu ma hannu na!” Shi kuwa sai ya miƙa hagun ya bar shi tsaye, ya ja dama baya yadda ya saba. Amma da ya saki damar nan a kan buhun yashi, igiyar da aka rataye shi da ita ta tsinke, Sarjan ya riƙe baki.

Ana gobe biki, da yamma ina wanke wa yarinyar jiki bayan ɗaki, Guduma ya zo ya tsaya a kaina.

Na ce, “Maigida, dube ta. Dube ta da kyau, ba kowa.”

Ya tsuguna, ya taɓa ƙafarta da ɗan yatsa, ya janye.

“Gobe,” ya ce. “Gobe da magariba ki dama mata na gari tsantsa, ta sha har ta bari.”

“In ka hwaɗi ka tashi. Ka ji abin da Sarjan ya ce.”

“Ba ni hwaɗuwa.”

Ranar biki 'yan lakwal, yaran makaranta, suka yi jerin gwano da tuta da safe. Da la'asar aka kafa turaku huɗu a fili aka ɗaura igiya. Gari duk ya fito, mai yunwa ma yana son kallo. Zafi ya yi nauyi, ba iska ko kaɗan, hadari ya haɗu gabas. Buhun yana jingine gaban kujerun manya, an ɗinke bakinsa da jan zare. Na goya yarinyar na tsaya wajen mata masu sayar da ruwa, inda nake hango filin. Ba ta da nauyi a baya. Mahaifina yana gefen mahauta da kalangu a hammata. Sarjan ya ce ba a kiɗa a boks, amma wa zai hana makaɗi ranar biki?

Laminu siriri ne dogo, ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya. Da aka buga ƙarfe ya fara zagaya Guduma yana tsalle-tsalle, mahauta na dariya suna cewa a kawo masa zane ya ɗaura. Dariyar ba ta daɗe ba. Hagun Laminu yana fita tas, tas, a hanci, a ido, ya ja baya kafin a ankara. Bugun ba nauyi, amma ba ya ƙarewa. Kafin turmin farko ya cika hancin Guduma na zubar da jini, idonsa ɗaya ya fara rufewa, shi kuwa yana tsaye yadda ya saba, yana juyawa a hankali yana kallon ƙirjin yaron. Ban tsorata ba, don na san wannan tsayuwar, na san abin da ke bayanta.

A turmi na biyu yaron ya saki jiki. Ya ga mutumin ba ya ramawa, ya matso ya haɗa hagu da dama, ya tsaya zai ƙara. Nan Guduma ya saki mashi. Na ji ƙarar daga inda nake. Laminu ya tafi da baya ya zube, hannuwa biyu a ƙasa, kai na lilo.

Mahaifina ya kaɗa taken kisa. Ba tunani ya yi ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Mahauta suka ɓarke da ihu, mata suka rangaɗa guɗa. Guduma ya juya baya, ya ɗaga hannun dama sama, ya nufi wajen kalangu yana taku ɗai-ɗai yadda ya yi duk rayuwarsa. Ni kuwa bayansa nake kallo. Na ga Sarjan ya sunkuya yana jefa yatsu, bakinsa na motsi, ba mai jin sa. Na ga yaron ya dafa igiya ya miƙe. Na ga Sarjan ya yi musu alamar a ci gaba ya koma gefe. Na yi ihu, amma duk wanda ya ji ni ya ɗauka murna nake.

Laminu ya zo da gudu ta gefen idon da ya rufe. Bugun ya sauka bayan kunne. Ba wani bugu ba ne, yaron da kansa tangaɗi yake, amma ya sami mutum hannu a sama, ƙafa ɗaya a iska. Guduma ya yi taga-taga, gwiwarsa ta dama ta sauka ƙasa. Kalangu ya tsaya, sai aka ji muryar Sarjan sarai.

“Un! Deux!”

Bai kai na uku ba Guduma ya miƙe tsaye, lafiyarsa lau. Ga Laminu can jingine da igiya, idanu sun juye, ko ture shi aka yi ya tafi. Bugu ɗaya ya rage, ko rabin bugu. Guduma ya sunkuya ya dubi gwiwarsa. Akwai ƙasa a jikinta, ɗan tabo fari, bai kai tafin hannu ba. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya sa haƙori ya fara kwance igiyar safar.

“Boxez!” in ji Sarjan. “Guduma, mi kakai? Ba ka mutu ba! Boxez!”

“An kashe ni,” ya ce.

Ban san lokacin da na keta maza na isa bakin igiya ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban surukina ba, na kwance goyo na ɗaga yarinyar sama da hannu biyu gaban gari duka.

“Koma! Don Allah koma! Dube ta! Bugu guda na, koma!”

Ya dube ta. Wallahi ya dube ta, ba zan yi masa ƙarya ba, na ga fuskarsa ta motsa, har ya juya kafaɗa wajen Laminu. Sai muryar Baba Nomao ta fito daga cikin mahauta.

“Ɗana ba ya dambe bayan ya mutu!”

Mahauta suka ɗauka suka yi ta maimaitawa. Guduma ya jefar da safar, ya ɗaga igiya ya fito. Sarjan ya ƙidaya har goma yana kallon bayansa, ya tofar da yawu, ya ɗaga hannun Laminu, sai da ya tallafe shi don kada ya faɗi. Ina gani aka ɗauki buhun aka mayar cikin kamiyon da ya kawo shi. Mahauta suka ɗauki Guduma bisa kafaɗa har gida kamar shi ya ci. Ina mayar da goyo wata tsohuwa ta tsaya kusa da ni ta ce, “Ɗiyar hwari ta kika ɗaga haka gaban maza? Tir.”

Da magariba gidanmu ya cika da masu zuwa jinjina. Ragowar garin da cukun, Baba Nomao ya sa na dama wa baƙi, don ba a zuwa gidan mutum taya murna a tashi baki bushe. Da aka dawo da ƙwaryar na kalace gefenta da yatsa na sa mata a baki, ta tsotsa har barci ya ɗauke ta.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauka, mai ƙarfi, da rana tsaka. Telwa ta zo, yara suka ruga kallo, gari ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma ba a tuƙa ruwan sama, hatsi sai kaka. Yarinyar ta rasu da hantsi a cinyata, a madafa, indararo na zuba cikin tukwanen da na jera. Ban yi kuka gaban mutane ba, uwa ba ta yi wa 'yar fari kuka a gani. Ubanta ne ya ɗauke ta, naɗe cikin ɗan farin ƙyalle, a hannun nan nasa na dama.

Ban ce buhu yana tsayar da ajali ba, ni Musulma ce. Amma ni na riƙe ludayin. Na san abin da aka ɗebe daga bakinta aka zuba a hannun nan, kuma na ga abin da aka yi da shi.

A zaman makoki ina jin maza a zaure. Suka yi addu'a suka shafa, sai wani ya ce, “Amma Nomao, ɗanka ya hidda mu kunya,” labarin gwiwa ya tashi. Mahaifina ya yi masa sabon take, mai cewa Guduma ya ƙi hatsi ya zaɓi suna, kuma ya ci abinci da taken nan har ƙarshen ransa. Shi ne Habu ya rera wa abokansa shekaranjiya.

Na zauna da Guduma shekaru masu yawa bayan haka, na haifa masa 'ya'ya, bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Bai ƙara shan fura da cuku ba, in an kawo sai ya ture, ban kuwa tambaye shi dalili ba. Sau ɗaya na yi masa maganar, yana ciwon ajali, ina shafa masa mai a ƙafa. Na ce, “Maigida, ran nan, da ka koma hwa?” Ya buɗe ido ya dube ni. Sannan ya ce, “Ta taɓa ƙasa, Hadiza. Kowa ya gani.” Na ci gaba da shafa man.

Jiya da safe Habu ya zo gaishe ni, safarsa rataye a wuya, yana tsokanata wai tsohuwa ta ƙi mutuwa ta ba mutane ɗaki. Na ce ya je ya fara iya wanke wandonsa. Ya zauna bakin tabarma.

“Kaka, ke kin ga karon nan da idonki, ko?”

“Na gani.”

“An ce gari duka na wurin.”

“Duka. Har da yayar babanka, tana bayana.”

Ya dube ni. “Baba na da ya? Ban taɓa ji ba. Mi sunanta?”

Na buɗe baki zan ce yarinyar nan, yadda na saba. Sai na duba na ga duk waɗanda nake jin kunyarsu sun riga ni tafiya. Sunan ya daɗe bai bi ta bakina ba, sai da na gyara murya.

“Ramatu,” na ce. “Har ta hwara tahiya.”